Shirun da Na Koya Maka

Abakpa, Kaduna.
Laraba, bayan la'asar.

Yayan Fati,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Gombe lafiya, ka sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare maka hanya, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, yanzu haka Rigasa kawai ka je yi wa Baffanka Lawal sallama, an jima za ka dawo in zuba maka tuwo, amma ga ni ina rubuta maka wasiƙa kamar wanda ke Makka. To ka san uwarka. Shekara talatin da biyu na yi a ma'aikata ina buga wasiƙun mutane, tun ana tafireta har aka koma kwamfuta, amma maganar da nake iya yi maka ido da ido ba ta wuce "ka ci abinci?" ba. Hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Zan sa wasiƙar a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ledar dambun nama, tare da wata babbar ambulan. Kada ka buɗe ambulan ɗin sai ka gama da wannan.

Ka fara sanin cewa raina fari ne ƙal. Tun ranar da babbar kotu ta soke hukuncin da aka yi maka nake cin abinci ina jin daɗinsa. Fati ta ce ta ji ni ina waƙa a kicin, na ce ƙarya take yi mini, amma da gaskiyarta. Ko ganin takalmanka a bakin ƙofa, yadda kake yar da su ɗaya gabas ɗaya yamma, abin da na yi shekaru ina faɗa a kai, yanzu sai in tsaya ina kallonsu ina hamdala.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Shekaranjiya da Lauya Maryam ta aiko da takardar da za ka sa wa hannu don a shigar da ƙarar neman diyya, ka ture ta gefe, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Umma, a bar wa Allah kawai." Ba muryarka na ji ba, tawa na ji. Ni na koya maka wannan sunkuyon da wannan shirun, kuma su suka ci maka shekara ɗaya da wata bakwai a gidan yari. Kai ka san abin da ya faru a ciki. Abin da ya faru a waje, a ɗakin nan, ba ka san rabinsa ba, kuma ba na son ka bar garin nan ba ka sani ba.

Ka tuna yadda abin ya fara. Ka haɗa wa wani mutum wutar sola a gidansa da ke Unguwar Sarki. Bayan mako guda, da rana tsaka, mutanen gidan sun tafi biki, aka shiga aka kwashe baturan. Mai gidan ya ce babu wanda ya san inda suke sai wanda ya haɗa su, 'yan sanda suka zo shagonka suka tafi da kai. Ranar da aka yi satar kuwa Talata ce, ranar da aka cire mini yanar ido. Tun safe kana tare da ni a asibiti har la'asar. Kai ka sa hannu a takardar yarda a yi aikin, kai ka riƙe hannuna har cikin Keke ina tafiya kamar makauniya. A duk duniya babu wanda ya fi ni sanin inda kake a wannan rana.

Amma ban je caji ofis ba. Ka san dalili ko da ban faɗa ba: kai ne ɗan fari. A gidanmu na Zariya haka na tashi na gani, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa. In ya yi rigima da ɗan maƙwabta, naka za ki daka ko shi ke da gaskiya. Kafin a haifi Fati "yaron nan" nake ce maka, da aka haife ta na sami sauƙi na koma "Yayan Fati". Mata suna yabona a kan haka, suna cewa Hajiya Binta akwai kawaici, ni kuma ina jin daɗi har cikin raina. To ranar da aka kama ka, wannan yabon ne ya riƙe mini ƙafa. Na ga ta yaya zan tsaya gaban maza, ido ɗaya a rufe da filasta, ina rantse-rantse a kan ɗan fari? Mahaifinku ba ya raye, sai na aika aka kira ƙaninsa. Ta bayan labule na gaya wa Baffa Lawal zancen asibitin, murya ƙasa-ƙasa kamar ni ce na yi satar.

Ya ce, "Ki bar mana, Hajiya. Wannan maganar maza ce."

Wallahi daɗi na ji da ya faɗi haka, don ya sauke mini nauyi. Ya je ya ambata musu, suka ce ai kowace uwa haka take cewa, shi ma ya yi shiru ya dawo. Ko katin asibitin bai tafi da shi ba, don ban ba shi ba.

Ka ji wannan da kyau. In ka san gaskiyar da za ta fitar da wani daga ƙunci, ka kai ta da ƙafarka, ka faɗe ta da bakinka, kada ka ba da saƙo. Saƙo yana ramewa a hanya. Kunya abu ce mai kyau, ba na fatan ka rabu da ita, tana da wurinta a gaban surukai da kan tabarmar cin abinci. Amma ba ta da wuri a caji ofis, ba ta da wuri a kotu. Can abin da aka faɗa aka rubuta shi kaɗai ake sani.

Sai kuma mai baƙar jaka. Baffanka ya gamu da shi a gindin bishiyar da ke ƙofar kotu, sanye da kwat a cikin zafin nan, yana gaisawa da kowa kamar shi ya gina wurin. Ya ce shi lauya ne, babu wanda bai sani ba a ciki. Baffa ya kawo shi har zauren gidan nan, ina daga ciki ina ji.

Mutumin ya ce, "Alhaji, abin ba wuya. Yaro ya amsa kawai, ya ba da haƙuri. Alƙalin mai tausayi ne, tara zai yi masa, ranar ku koma gida da abinku. In ya ce zai yi gardama kuwa, sai ya shekara a tsare ana ɗage zama."

Ni da na yi rayuwata cikin fayil, ni da ba na karɓar ko takardar neman hutu sai na ga hatimi, ban tambayi ina ofishinsa yake ba. Ban nemi ko katinsa ba. Na ji "ku koma gida da abinku" hankalina ya tafi. Muka ba shi abin da ya nema. Sannan na yi abin da har gobe nake nadamarsa: na ce wa Baffa, "Ka ce masa in ji ni, ya bi maganar manya, kada ya yi musu." Fati ta gaya mini daga baya cewa ka shirya tsaf za ka ce ba kai ba ne, sai da saƙona ya iske ka. Aka karanto tuhuma da Turanci a guje, ka sunkuyar da kai ka ce haka ne. Shekara uku aka yanke maka. Kafin alƙali ya tashi daga kujera mai baƙar jaka ya ɓace, har yau ko inuwarsa ba mu sake gani ba.

Kada ka riƙe Baffanka a zuci. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma na ga hawayensa a tsakar gidan nan, dattijo da furfura. Laifin rashin sani ne, mu biyu muka raba shi, nawa kason ya fi yawa don ni na yi boko. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, lauyan gaskiya yana da ofis da za ka iya komawa gobe ka same shi, yana da suna da hatimi, kuma ba ya jin haushin tambaya. Duk wanda ya gaya maka hukuncin da alƙali zai yanke tun ba a zauna ba, ka riƙe aljihunka ka yi gaba. Kada ka taɓa amsa abin da ba ka yi ba don a gama da wuri. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wa ya miƙo maka ita, ko da rawaninsa ya kai rufin ɗaki. In an yi maka magana da Turancin da ya fi ƙarfinka, ka ce a fassara maka. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Bayan an tafi da kai sai na ƙara wani a kan wani. Na ce wa maƙwabta ka sami aiki a Legas. Wata da watanni ina wannan ƙaryar, har nakan ƙara mata gishiri, in ce ka ce a gaishe su. Na yi azumi, na yi sadaka, na yi addu'a har goshina ya yi kanta, kuma ba na nadamar ko ɗaya. Sai dai ban san cewa ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ba. Kwanakin da doka ta ba mu suna ta ƙarewa, ni kuma ina zaune ina gadin mutuncina. In na je ziyara ka tuna abin da muke yi: in zauna, in ce kana cin abinci, ka ce e, in ce to Allah ya kawo ƙarshensa, ka ce amin. Mu biyu mun iya shiru kamar gasa muke yi.

Saratu ce ta fasa ƙwan. Ka san ta, maƙwabciyarmu ta bayan gida, 'yar Zonkwa, wadda muka yi shekara ashirin tebur da tebur a ma'aikata. Ta shigo da kwanon shinkafar Kirsimeti kamar yadda ta saba, ta ajiye, amma ba ta fita ba. Ta jawo kujera ta zauna ta zuba mini ido.

Ta ce, "Hajiya, wane irin Legas ne wannan da babu waya? Ni fa na yi wa yaron nan goyo. Ina yake?"

Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar, sai kuka ya riga ta fitowa. Na gaya mata komai, har zancen asibiti. Na zaci za ta rarrashe ni. Ina! Faɗa ta rufe ni da shi.

"Ke da kika yi shekara talatin kina ce wa mutane su kawo a rubuce, ke ce kika kasa kai takarda ɗaya? Wannan ba kawaici ba ne, Binta. Wannan shirun naki zai kashe yaron nan."

Tun da nake babu wanda ya taɓa yi mini magana haka, kuma babu wanda ya taɓa yi mini alheri kamar haka. Ta ce matan cocinsu da ke kai ziyara gidan yari sun san wani ofis da lauyoyi ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ka san abin da uwarka ta ce? Na ce banza ba ta kai zomo kasuwa, lauyan kyauta me zai iya? Can ƙasan raina kuwa girman kai ne, wai ni mai fansho a gan ni a layin masu neman taimako. Saratu ta tashi ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "To ki zauna da girmanki, shi kuma ya zauna a can." Washegari da hantsi sai ga ta da lema a hannu, ta ce in sa mayafi.

Duk inda ka zauna, ka nemi mutum ɗaya irin Saratu, wanda zai iya gaya maka maganar da ba ka so. Ba lallai ya zama ɗan garinku ko ɗan masallacinku ba. In masifa ta same ka kuma, kada ka rufe ta. Da na faɗa tun makon farko, da tun makon farko an nuna mini ƙofar nan.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fayil har kusa da silin, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Da na ga Lauya Maryam sai na raina ta, don yarinya ce da ba ta fi Fati da yawa ba. Nan ma na yi kuskure, na auna ta da shekaru. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, tana rubutu. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla, da Hausa. Wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, amma ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci in an kawo dalili. Wanda ya amsa laifi da bakinsa ƙararsa tana da wuya, sai in an nuna cewa amsar ba bisa ƙa'ida aka karɓe ta ba. Kafin komai kuma sai an samo kwafin duk abin da aka rubuta a zaman farko.

Ta ce, "Hajiya, ba zan yi miki alkawarin nasara ba. Alkawarin aiki zan yi miki. Kina da wata takarda da ke nuna inda yake a ranar?"

Ka san gwangwanin biskit ɗin nan nawa da kuke yi mini dariya a kansa, wanda har rasit ɗin rediyon mahaifinku yana ciki. Na taho da shi a jaka. Na fito da katin asibiti da kwafin takardar yarda, ga kwanan wata, ga sa hannunka ɓaro-ɓaro. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Duk tsawon lokacin nan wannan tana ina?"

Na ce, "Ƙarƙashin gadona."

Ta tashi kawai ta je ta yi kwafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wurin samo kwafin shari'ar ne na ga aikina a madubi. A dawo gobe, mai bugawa bai zo ba, a dawo jibi, babu wuta, fayil yana wurin oga. Duk na san waɗannan kalmomin, don ni ma na faɗa wa mutane su, wani lokacin ba don komai ba sai don ina son in gama shan shayina. Na tuna wani tsoho da na sa ya yi ta zarya a kan takardar fanshonsa, na nemi gafarar Allah ina zaune a kan bencin jira na kotun. Amma tunda na san wasan, na san maganinsa. Kullum ƙarfe takwas ina kan benci da fulas ɗina, in gaishe da kowa da sunansa, ba faɗa ba zagi. Har na ce wa yarinyar da ke bugawa in ta gaji ta matsa in buga da kaina. A rana ta tara suka gaji da ganin fuskata. Da aka miƙo mini, shafi biyu ne kacal. Babu lauya a gefenka, babu inda aka rubuta an fassara maka tuhumar ko an tabbatar ka gane ta, babu wata shaida da aka nuna. Na kai wa Lauya Maryam, ta karanta, ranar na fara ganin murmushinta.

Saboda haka ka sami naka gwangwanin. Duk takardar da ta shafe ka, ka ajiye ta, ka yi mata kwafi. In ka gama aiki a gidan mutum, ka rubuta ranar da abin da ka haɗa, ya sa hannu kai ma ka sa. Haƙuri kuma iri biyu ne, akwai na zama a ɗaki, akwai na zuwa kullum a zauna a benci, na biyun ne ya fito da kai. In wata rana kai ne a bayan tebur, kada ka ce wa mutum ya dawo gobe alhali za ka iya sallamarsa yau.

Akwai ranar da ban gaya wa kowa labarinta ba, Saratu kaɗai ta gani. Lauya ta ce sai na yi takardar rantsuwa a kan ranar asibiti da dalilin jinkirinmu. Muka shiga wurin jami'in da ke rantsarwa, mutane cike da ɗakin. Ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, sunan ɗan naki?" Shekara ashirin da tara ban taɓa furta shi ba. Na ce ai yana rubuce a takardar. Ya ce ya gani, daga bakina yake son ji. Na fara cewa "Yayan..." sai Saratu ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya bar shaida har kwana uku. Na faɗa. Ƙasa ba ta tsage ba, babu wanda ya ko waiwayo. Jami'in ya buga hatimi ya ce na gaba. Na fito ina dariya ina hawaye, ina tunanin wannan ɗan abin ne na kasa yi tun farko.

Sauran ka sani. An ɗage zama sau da yawa, asibiti suka tabbatar da takardarsu, ni kuma ban ƙara fashin zama ko ɗaya ba, a layin gaba nake zama. Ranar da mai shari'a ta ce an soke hukuncin, an sallame ka, an wanke ka, Baffanka ya yi sujada a barandar kotu. Da ka fito daga ƙofar gidan yari da 'yar ledarka a hannu, na shirya maganganu cike da ciki, amma abin da ya fito shi ne, "Ka rame." Ka ce, "Umma, ke ma." Muka hau Keke muka taho.

Yanzu zancen diyya. Ni na fara cewa a bar wa Allah, a ofishin lauya, kana zaune kana ji, shi ya sa na ce muryata na ji a bakinka. Ka fita karɓar waya lokacin da ta ba ni amsa, bari in gaya maka abin da ta ce.

"Hajiya, barin wa Allah daban, barin mutane su maimaita daban. An gaya musu yana asibiti, babu wanda ya taka ya duba. Sun tsare shi kwanaki kafin su kai shi kotu. In ba a tambaye su dalili ba, gobe ɗan wata ne."

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ba tabbas za a ci, tana iya ɗaukar shekaru, ko an ci ma karɓar kuɗin wani aikin ne. Ta ce irin wannan ƙarar ita ma lokaci yana iya cinye ta, shi ya sa take son amsarka kafin ƙarshen wata. Ta kuma ce ba kuɗi kaɗai ake nema ba, ana neman su ba da haƙuri a rubuce, a fili.

Wannan na ƙarshen ne ya shiga raina. Babu kuɗin da zai biya ka azumi biyu da ka yi a can, ko shagonka da aka ba wani, ko kayan aikinka da suka yi tsatsa. Amma Fati ta gaya mini ranar Juma'a da ka shiga masallaci wani ya jawo takalminsa kusa da shi, kuma ka gani. Takardar kotu tana jakarka, mutanen unguwa ba su karanta ta ba. Ina son wata rana a ce waɗanda suka kama ka sun rubuta da hannunsu cewa sun yi kuskure. Ina kuma tuna mutumin da ka ce kun bari a ciki, wanda ya fi ka daɗewa kuma ko gaban alƙali ba a gama kai shi ba. Na kai sunansa ofishin da kaina, ban ba da saƙo ba.

Amma ka lura, ba umarni nake ba ka ba. Umarnina ne ya kai ka can, na gama ba da irinsa. A cikin ambulan akwai kwafin hukuncin babbar kotu mai hatimi. Ɗaya yana gwangwanina, ɗaya yana wurin Saratu, wannan naka ne. Ka nuna wa shugabanka a wurin aiki da kanka tun kafin ya ji a bakin wani, ka gaya masa kai tsaye, kanka a sama. Tare da shi akwai takardar Lauya Maryam. Ka karanta ta layi-layi, ka kira ta ka yi mata duk tambayar da ke ranka, ba ta gajiya. In ka ga za ka iya, ka sa hannu ka aiko, ni zan riƙa zuwa kotun, na riga na saba da bencin. In kuma ka auna ka ga ranka ba zai ɗauki sake shiga kotu ba, wannan ma dalili ne, kuma kai ka san abin da ka gani a can. Sai dai kada ka ture ta gefe ka sunkuyar da kai. Ka kira ni ka ce, "Umma, a'a, ga dalilina." Ka yi mini musu. Wallahi ranar da ka yi mini musu da hujja sai na yi sadaka.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci, ka rage shan shayin nan mai siga kamar kunu. Dambun na kwana da yawa, amma ka buɗe ledar ya sha iska. Ka kira Baffanka lokaci-lokaci, yana jin nauyinka. Ka riƙe salla, ka riƙe amanar gidajen da za a shigar da kai.

Na ji ƙarar ƙofa, ina jin kai ne ka dawo, ga takalmi ɗaya ya bugi bokiti. Bari in naɗe. Jami'in rantsuwa ya ji sunanka a bakina, Saratu ta ji, baƙi cike da ɗaki sun ji, kai kaɗai ne ba ka taɓa ji ba. Na fara da hannu tunda shi ya fi ƙarfin hali. In ka sauka ka kira ni, zan faɗa da baki.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya sa kada ka ƙara kwana a inda ba ka zaɓa ba. Allah ya yi maka albarka, Idrisu. Idrisu, ɗana na fari, ka yafe mini.

Mahaifiyarka,
Binta.